Ajin Juma'a a Rumfar Mainassara

Duk wanda ya yi leburanci a Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofarta ga sauran Afirka, in dai yana jin Hausa, da wuya a ce bai ci tuwon Mainassara ba. Rumfarsa tana unguwar Mahdiya, a tsakar wani babban gida mai ɗakunan haya a jere, inda 'yan bida, wato 'yan ci-rani, daga Nijar suke cunkushe, kowane ɗaki tabarmi bango zuwa bango. Da tsofaffin katakan gini da guntayen kwano ya kafa ta. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da wake ko makaroni mai jan yaji irin na Larabawa, ranar Juma'a kuma tuwo da miyar kuka, kukar da direbobin manyan motoci suke kawo masa daga Agadas. Saboda tuwon Juma'ar nan har daga wasu unguwanni ake zuwa.

Bagobiri ne daga wani ƙauye a gefen Madawa, da zanensa raɗau a kumatu. Bai fito bida da ƙuruciya ba. Sai da fari ya yi ta cinye gonarsa shekara bayan shekara, sannan ya bar matarsa Ramatou da yara a hannun ƙanensa, ya hau bayan mota ya ratsa sahara. Aikinsa na farko a Ghuddwa ne, kudu da Sabha, a gonar dabinon wani dattijon Balarabe: ban ruwa, sassabe, hawan bishiya lokacin barbara da lokacin tsinka. Dattijon ya riƙe shi da amana, shi ne ma ya tsaya masa har ya samu bataƙa, katin da ake nuna wa 'yan sanda in sun tare mutum. Da gwiwarsa ta dama ta fara ƙin hawa, sai ya koma dafa wa sauran leburorin gonar abinci. A nan ya gane hannunsa yana da albarka a tukunya, ya tattara ya shigo gari.

Abin da aka fi saninsa da shi bayan tuwo shi ne rashin yarda. In baƙo ya zauna a rumfarsa ya cika fara'a, Mainassara zai zuba masa abinci, amma idonsa yana kan takalmansa, don a cewarsa na lebura daban, na wanda aka aiko daban. In an tambaye shi mafarin wannan hali, labari ɗaya yake bayarwa. Yana yaro wasu mutane suka zo ƙauyensu a farar mota, suka ce allurar shanu suka kawo, kyauta. Kowa ya fito da abin da ya ɓoye a daji. Aka yi allura, aka yi godiya, har kaji aka kama musu. Da kaka ta yi sai ga masu jangali, sun san yawan shanun kowa har ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba.

"Tun ranar," in ji shi, "in na ji an ce kyauta, sai in fara dube-duben inda igiyar take."

A lokacin ko'ina ka duba a Sabha taswirar Afirka ce, a allunan bakin titi, a bangon makarantu, har rediyo yana magana da Hausa yana cewa duk ɗan Afirka ɗan gida ne. Mainassara yakan saurara yana yankan albasa. Bai manta shekarar da aka far wa baƙi a garuruwan bakin teku ba, da yadda waɗanda suka tsira suka biyo ta Sabha daga su sai rigar jikinsu.

Mutum ɗaya ne yake iya yi masa dariya a kan wannan hali, wato Soumana, wani magini Bazabarme daga Doso, tsaransa ne, ɗakinsa yana kallon rumfar. Da yake Zabarmawa da Gobirawa abokan wasa ne, Soumana ba ya kiransa sai "bawana", kuma da karyayyiyar Hausarsa yakan ce ranar da Mainassara zai shiga aljanna sai ya tsaya a ƙofa ya tambayi wa ya biya kuɗin gini.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci ana tsakiyar cin tuwo, sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar gidan, da tambarin jami'ar garin a jikinta. Wani saurayin Balarabe ya fito, siriri, mai tabarau, ya shigo har tsakar gida. Kowa ya tsaya da lomarsa a hannu. Saurayin ya gyara tsayuwa ya ce da Hausa, kamar mai karanto allo:

"Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya sanyi?"

Rana tana tsaka, zafi kamar ya narkar da kwanon rumfa. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Mainassara bai yi ba. Balarabe mai jin Hausa, a wurinsa, ba abin dariya ba ne. Ya dubi takalmansa: baƙaƙe ne, sun sha goga, amma dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Bai san a wane ɓangare zai sa su ba, wannan kuma ya ƙara dagula masa lissafi.

Saurayin ya ce sunansa Hamed, ƙaramin malami ne a sashen harsunan Afirka, kuma a wurin wani malami Bakano ya koyi Hausa. Ya ce jami'a ta fito da sabon shiri na horar da ƙananan malamanta: kafin a tura mutum ƙaro ilimi waje, sai ya fita ya yi wa jama'ar gari aiki da abin da ya sani. Malaman noma sun tafi Ghuddwa kan ƙwarin dabino, likitoci suna duba ido a wata unguwa, shi kuma aka ba shi ya koya wa leburori karatun Larabci kowace Juma'a, su iya karanta alluna da takardunsu, shi ma ya gyara Hausarsa a bakinsu. Ya riga ya yi magana da mai gidan hayar, ya amince.

"Nawa za a biya?" in ji Mainassara.

"Kyauta ne, Baba."

"Wa ya zuba man motar can?"

"Jami'a."

"Ita jami'ar wa ke biyanta?"

Murmushin Hamed ya ɗauke. Ya dubi Mainassara, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce gwamnati ce, gwamnatin da take ƙaunar 'yan'uwanta na Afirka.

Bayan tafiyarsa gardama ta kaure. Soumana ya ce shi yana so. Ya gaji da dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ya gaji da shiga motar da ba tasa ba don bai iya karanta inda za ta ba. Da yawa suka goyi bayansa. Mainassara ya ga ko ya hana ba za a ji ba, za a je a yi a wani wuri inda idonsa ba ya kaiwa. Sai ya ce a yi a rumfarsa. Amma ya ja kunnen kowa: kada a faɗi sunan ƙauye, kada a faɗi hanyar da aka shigo, kada a faɗi wa ke da bataƙa wa ba shi da ita.

Haka ajin Juma'a ya fara. Hamed yakan zo da ɗan allo da alli, ya jingina allon a bangon bayi, leburori su zauna a tabarmi da hannuwansu da siminti ya tsattsaga. Mainassara kuwa yakan kife tsohon gwangwanin fenti a bakin rumfa ya zauna, wuƙa da albasa a hannu. Bai taɓa maimaita harafi ko ɗaya ba. Aikinsa kallo.

Kuma ya ga abubuwan da ba su kwanta masa ba. Kullum kafin a fara karatu sai Hamed ya yi dogon jawabi kan haɗin kan Afirka da alherin ƙasar da ta karɓe su, yana yi yana satar kallon bakin rumfa. Bai taɓa tambayar sunan kowa ba sai wanda ya faɗa don kansa, Mainassara kuma ya fassara wannan da cewa ya riga ya san su ne. Wata rana ya fito da 'yar ƙaramar rikoda, ya ce yana son a ba shi karin magana ya ɗauka. Mainassara ya miƙe ya jawo turmi ya hau dakan barkono da ƙarfinsa, mutane suna ta atishawa, har Hamed ya mayar da rikodar aljihu. Bai sake zuwa da ita ba.

Karatu dai ya ci gaba. Hamed yana da haƙuri, ba ya raina mutum in ya juya harafi, kuma in ya yi kuskuren Hausa aka yi masa dariya, shi ma sai ya yi. Soumana ne ya fi kowa ƙwazo. Wata rana ya dawo daga aiki yana haki, ya ce ya karanta allon gidan burodin bakin titi da kansa, ba wanda ya taya shi.

"Shekara nawa kana sayen burodi a wurin?" in ji Mainassara. "Sai yau ka san gidan burodi ne?"

"Da hancina ya sani, bawana. Yau idona ya sani."

Ana cikin haka sanyi ya shigo ya fita. Wata safiya gas ɗin Mainassara ya ƙare shayi bai tafasa ba. Ya ɗora tukunyar gas a baro ya tura ta zuwa wurin canji, ya tarar da layi, bai dawo ba sai da hantsi. Tun daga bakin lungu ya san ba lafiya. Ƙofar gidan a wangale, ɗakuna a buɗe, takalma warwatse a tsakar gida, butar wani a kife ruwan yana bin ƙasa. 'Yan sanda sun zo da manyan motoci kafin mutane su fita neman aiki, sun kwashe duk wanda ba shi da bataƙa ko tasa ta mutu. Ta Soumana ta mutu tun bara.

Waɗanda suka tsira suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, wani daga kan rufi, wani daga gidan maƙwabta. Cikinsu akwai Djibrilla, wani lebura mai zafin baki da aka tafi da wansa. Shi ya fara faɗin abin da ke ran kowa: yawancin waɗanda aka kama 'yan ajin Juma'a ne. Mainassara ya ce ai ya faɗa tun farko, ruwa ba ya tsami banza.

Djibrilla ya juyo ya dube shi. "Ka faɗa, Baba. Amma a rumfar wa aka yi ajin? Wa ya ce a yi a nan? Kuma tun da nake gidan nan ban taɓa ganin ka fita da sassafe ka bar shayi a kan wuta ba, sai yau."

"Gas ne ya ƙare."

"Yau ya ga damar ƙarewa."

Mainassara ya dubi fuskokin da ya daɗe yana ciyarwa, ya ga suna dubansa irin duban da shi yake yi wa baƙi. Har ya lura idon wani yana kan takalmansa.

Bai ɗora tukunya ba ranar. Ya sa rigarsa ta zuwa masallaci, ya tari tasi, ya ce a kai shi jami'a. Bai taɓa shiga ba, duk da ya sha wucewa ta bakin katangarta. Mai gadi ya juya bataƙarsa gaba da baya kafin ya nuna masa wani gini can ciki. Ya bi ta ƙarƙashin bishiyoyi yana ɗingishi, ɗalibai maza da mata suna ratse masa. Ta tagar wani ɗaki ya hango Hamed. Ba koyarwa yake ba. Yana zaune ne a benci cikin wasu ƙananan malamai, wani dattijo mai furfura yana nuna musu yadda ake tsayawa gaban aji da yadda ake jefa tambaya, Hamed yana rubutu da sauri kamar ɗan firamare mai tsoron bulala.

Da ya ɗaga kai suka haɗa ido, sai fuskarsa ta canza. Ya nemi izini ya fito. Bai kai Mainassara ofis ba. Ya ja shi bayan ginin, kusa da wani injin ruwa mai ƙara, inda sai an matso ake jin juna.

"Baba, me na yi?" in ji shi. "Abin da aka amince da shi kaɗai nake koyarwa. In akwai abin da bai yi daidai ba a rahotonka, ka gaya mini in gyara. Saura kaɗan a fitar da sunayen waɗanda za a tura karatu."

"Rahoton wa?"

"Naka."

Mainassara ya tsaya yana kallonsa.

"Ba kai aka sa ka sa mini ido ba?" in ji Hamed. "Duk inda malami ya tara mutane, akwai kunne a wurin, kowa ya san haka. Na duba ajin nan kaf. Kowa yana karatu, kai kaɗai ba ka yi, sai kallona. Ranar farko ka tambaye ni wa ke biyan jami'a, na ce gwada ni kake. Da na kawo rikoda ka hana, na ce ashe ba a yarda da ita ba, na kwana biyu ban ci abincin kirki ba."

"Wa'azin Afirkan da kake yi kana kallona fa?"

"Don kai nake yi, Baba. Don ka kai labari mai kyau."

Da wani ne, da ya yi dariya. Mainassara bai yi ba, don a ransa ya ce ɗan leƙen asirin da ya ƙware ai irin wannan maganar zai yi. Sai ya gaya masa abin da ya faru da safe, yana faɗa yana karantar fuskarsa. Hamed ya nemi wani bulo ya zauna. Ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu.

"Har da Soumana?"

"Har da shi."

"Wallahi, Baba, ban ba kowa sunan kowa ba. Ban ma san yawancin sunayen ba. Da gangan na ƙi tambaya, don ko an tambaye ni in ce ban sani ba."

Mainassara ya sha faɗa daga baya cewa a lokacin ya ga ɗaya cikin biyu ne: ko yaron nan bai san komai ba, ko kuwa ya fi duk wanda ya taɓa gani iya wasa. Ya kasa zaɓa.

Hamed ya ce shi ba kowa ba ne, ƙaramin malami ne da ko ofishin kansa ba shi da shi, amma yana da ɗan'uwa direba a wurin da ake tsare mutane a bayan gari, zai gwada. Ya gwada. Ya yi ta shiga ofis yana fita, ya ce waɗannan ɗalibansa ne na shirin jami'a, aka ce masa shirin jami'a ba bataƙa ba ne. Abin da ya samo kawai shi ne izinin a kai musu abinci sau ɗaya kafin a ɗora su a mota zuwa iyaka.

Washegari Mainassara ya tuƙa tuwo a babbar tukunyarsa, duk da ba Juma'a ba ce, ya kaɗa miya da sauran kukar da ta rage masa. Suka sa a bayan farar motar. Wurin wani fili ne mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Masu gadi suka tsoma cokali suka jujjuya tuwon har ƙasa, sannan suka shiga da shi. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar Mainassara ya hango mutane zaune a rana, da yawa ƙwarai. Can sai wani ya miƙe yana ɗaga hannu.

"Ku gani!" Soumana ne yake ihu. "Bawa ya kawo ma ubangijinsa abinci!"

Al'ada ce Bagobiri ya rama. Mainassara bai rama ba. Ya ɗaga hannu kawai, har mai gadi ya ce su matsa.

Ya ɗauka wannan tafiyar za ta wanke shi a Mahdiya. Sai ta ƙara shafa masa baƙi. An ga ya shiga farar mota, an ga ya dawo a cikinta. Djibrilla ya ce a gaya masa wane baƙar fata ne yake zuwa bakin ƙofar can da tukunya ya dawo da ƙafafunsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Gaisuwa dai ake yi a wuce. In ya matso inda ake hira sai a koma maganar zafin rana. Masu shan shayin safe suka koma wurin wani ɗan Mali a bakin titi. Da Juma'a ta zo ya tuƙa tuwo kamar kullum, ya shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya zauna.

Hamed ya zo da allonsa, ya jingina shi a bango, ya tsaya yana duban tabarmin da ba kowa. Daga ƙofofin ɗakuna ana leƙensu. Mainassara ya zuba masa tuwo, karo na farko ke nan. Suka ci su biyu. Da ya wanke hannu Mainassara ya ce:

"Ustaz, kada ka sake zuwa. In kai ne, ya isa haka. In ba kai ba ne, zuwanka yana kashe ni."

Hamed ya ɗauki allonsa ya tafi. Sauran tuwon awakin maƙwabta suka cinye.

Mainassara bai daɗe a Mahdiya bayan wannan ba. Ya kwance rumfar da hannunsa, ya bar katakan a wurin, ya koma Ghuddwa. Dattijon da ya riƙe shi ya rasu, amma ɗansa ya gane shi, ya ba shi ɗaki a gefen gona da aikin dafa wa masu tsinkar dabino. A can ba wanda ya san zancen ajin Juma'a, shi ma bai ɗauko shi ba. Ya ƙara zama shiru-shiru. In sabon lebura ya zo, ya daina duban takalmansa, amma ba don ya yarda da shi ba, sai don ya ɗanɗana yadda abin yake.

Lokacin da dabino ya nuna, wata rana da la'asar ya hango farar mota tana tahowa tsakanin bishiyoyi. Malaman noma ne na jami'a suka zo duba tarkon ƙwarin da suka rataya, Hamed ya biyo su. Ya ce ya sha tambaya kafin ya gano inda yake. Ya zo sallama ne: an fitar da sunansa, za a tura shi ƙasar Hausa ya yi karatu mai zurfi. Shugabanninsa sun ce ajin nasa ya watse, amma sun ga ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Hausarsa ta gyaru sosai, har ya san ya ce "barka da la'asar".

Mainassara ya dafa masa shayi, ya kawo sabon dabino a faifai. Suka taɓa hira kan gwiwarsa da kan zafin bana. Da malaman noma suka fara danna ƙaho, Hamed ya miƙe.

"Baba, ta Nijar zan bi. In ka gaya mini sunan garinku, sai in tsaya in gaida iyali, in ce musu kana lafiya. In akwai saƙo ma zan kai."

Mainassara ya daɗe bai samu mai zuwa wajen Madawa ba, kuma a ƙarƙashin katifarsa akwai turmin atamfa da ya saya wa Ramatou tun kafin azumi. Ya dubi saurayin, ya dubi motar.

"Garin yana da nisa da titi, Ustaz," in ji shi. "Hanyar ba kyau. Kada in wahalar da kai."

Hamed ya gyaɗa kai a hankali. Ya gane. Ya miƙa hannu biyu suka gaisa, ya ce Allah ya sada su da alheri, ya shiga mota. Ba su sake haɗuwa ba.

Bayan wasu shekaru gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, Mainassara ya haɗa kayansa ya kama hanyar gida. A tashar Agadas, yana zaune kan buhunsa yana jiran motar Madawa, sai ya ji an daka masa duka a kafaɗa an ce wa ya ba bawa izinin tafiya ba a tambayi ubangijinsa ba. Soumana ne, ya yi furfura, ya rame, yana aikin gini a wani shago a bakin tashar. Suka rungume juna, wannan karon Mainassara ya rama har da ƙari.

Da suka natsu ya tambaye shi abin da ya daɗe yana cinsa: wa ya ba da su?

Soumana ya yi dariya har da tari. Ya ce ba wanda ya ba da kowa. A filin da aka tsare su akwai mutanen kowace unguwa ta Sabha, 'yan Gana, 'yan Mali, 'yan Cadi, waɗanda ko labarin ajin ba su taɓa ji ba. Gida-gida aka bi a ranar, duk gidan hayar baƙi. Ko sunansa ba a tambaya ba sai a bakin iyaka. In 'yan aji sun fi yawa cikin waɗanda aka kama a gidansu, ai don kusan duk gidan 'yan aji ne.

"To me ya sa ba a taɓa zuwa ba sai bayan an fara ajin?" in ji Mainassara.

"An zo kafin ka tare gidan, bawana. Ni a kan rufi na wuni."

Mainassara ya jinjina maganar, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Aka kira motar Madawa, Soumana ya ɗora masa buhu.

A gida ya samu yaransa sun girma, babban har ya yi aure. Ya karɓi ɗan fili a fadama yana noman albasa, 'ya'yan suna yin mai wuyar, shi yana zaune a inuwa yana ba da umarni. Bai sake riƙe muciya ba har ya rasu. Matasan ƙauyen masu shirin tafiya Libiya sukan zo wurinsa neman shawara, kuma kusan kullum sai hirar ta gangaro kan malamin jami'ar nan. Wata rana yakan ce yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka duk inda yake, shi ne ya cuce shi da mugun zato. Wata rana kuma, da labarin ya kai wurin injin ruwa, sai ya tsaya ya ƙanƙance ido, ya ce amma fa har yanzu bai gane yadda aka yi ƙaramin malami ya san daidai inda ba a jin magana ba. In ya kai nan Ramatou takan leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, ka sallami yaran mutane, an kira la'asar." Sai ya jawo butarsa.